Waya Mai Shuɗin Kai

Deira, Dubai
9 ga Fabrairu, 2008

Yaya Hasiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Yaya ɗinki, yaya sanyin Jos? Mu nan lafiya lau. Salma ta gama wankan jego, da ruwan zafin famfo ta yi shi, ba tukunya ba ganye, don Allah kada Gwaggo ta ji. Amatullahi ta cika wata biyu jiya, ba ta da sana'a sai tsotso.

Maganar da kika faɗa mini a waya kan idon Baba ta hana ni sukuni. Kin ce likita ya ce ciwon suga ya taɓa jijiyar idon, hotunan jaririyar da na aiko kuma ya yi ta juya su a hannu, ya ce duhu kawai yake gani. Amma kin ce har yanzu yana ganin abu in yana da girma da haske. Yaya, hutuna sai Disamba, fasfon yarinya ma bai fito ba. Shekara uku rabon Baba da ya sa ni a ido, jikarsa kuwa bai taɓa ganinta ba. Tsorona kada mu iso gida mu tarar idon ya riga ya rufe.

Ga dabarar da na yi. Na sayi talabijin irin na yanzu, mai faɗi marar tudun baya, na sa shi cikin kayan kamfanin dakon da nake wa aiki, zai iso Jos nan da mako biyu in Allah ya so. Madam Theodora, mai kawo miki leshi, ita za ta miƙa miki takardar nan tare da ƙaramar kwamfuta ta ɗorawa a cinya. Na zuba bidiyon suna da na wankan Amatullahi a ciki, suna nan a fuskar farko, ba sai kin nema ba. Fuskar kwamfutar ta yi wa Baba ƙanƙanta, shi ya sa nake so a tura hoton zuwa talabijin. Kada ki ce a juye a faifai a sa a tsohon bidiyon gida, na gwada a nan, hoton dusashewa yake yi.

A cikin jakar akwai waya mai shuɗin kai biyu. Kai ɗaya ya shiga gefen kwamfutar, ɗayan ya shiga ramin talabijin da aka rubuta PC a kansa. Sai ki danna madannin rimot na sama ta dama har PC ta fito a fuskar, sannan a kwamfuta ki riƙe Fn ki danna F5. Shi ke nan. Na rubuto ne don kin ce in na fara bayanin na'ura a waya kanki juyawa yake yi.

Abu ɗaya nake roƙo. Talabijin ɗin nan ba irin tsohon namu ba ne da ake kai wa mari in ya ƙi kamawa. Ba shi da jure wahala, in ya faɗi kuwa ya gama. Ki tsare shi sosai, a kafa shi inda ba mai taɓawa.

Ki gaishe da Baba, ki ce ina neman albarka. Ki gaida Gwaggo da maƙwabta, musamman Sista Loyis da take auna masa suga.

Ƙaninki,
Abdulfatah

Congo-Russia, Jos
6 ga Maris, 2008

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kaya ma sun iso lafiya, Allah ya yi albarka, ya raya mana Amatullahi. Muna nan lafiya. Baba yana cin abinci, sugan ya ɗan sauka tun da Sista Loyis ta ɗauke gwangwanin sukari ta kai gidanta. Ni ce dai ban san inda kaina yake ba. Bana Mauludi da Ista sun faɗo mako guda, shago ya cika da atamfa, kowace mace tana rantsuwa ita ta fara kawo ɗinkinta. Batun wankan famfo kuwa Gwaggo ta ji. Da ƙarfi na karanta wa Baba takardarka, na manta tana zaune a bayana. Ta ce in gaya wa Salma akwai magana in ta dawo.

Ranar da aka sauke talabijin duk layinmu sai da ya leƙo. Wani ɗan acaɓa tun daga Tina Junction ya biyo motar don kawai ya ga abin da ke cikin kwalin. Na tsare shi yadda ka ce. Na kira Pwajok mai walda, maƙwabcin shagona, ya kafa shi a bangon falo, aiki na gani na faɗa. Ni ma akwai abin da nake shirya masa in na rage ɗinkin mutane. Tasha tana kamawa tas.

Amma wayarka mai shuɗin kai, Auta, ba ta da masauki. A jikin kwamfuta ta shiga daidai. A jikin talabijin na duba dama, na duba hagu, na duba sama da ƙasa, ramuka uku kawai na gani a gefe, ja da fari da rawaya. Ba PC ba dalilinta. Na ɗauki wayar na je wajen Okwudili mai kayan lantarki a Taminus, ya ce ƙaramin abu ne, ya ɗauko wata waya mai shuɗin kai ɗaya, ɗaya gefen kuma ja da fari da rawaya. Shi da kansa ya biyo ni gida ya haɗa, ya yi ta danne-danne har aka kira azahar. Ban da layuka masu rawa ba abin da ya fito. Daga ƙarshe ya ce ai talabijin ɗin Dubai ne, bai saba da wutar Najeriya ba.

Yanzu maganar da ba na son rubutawa. Mun koma asibiti ranar Litinin. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama ne ya rage, likita ya ce za a ci gaba da magani, amma ba zai yi mana alkawarin zai wuce ƙarshen damina ba. Na fito na zauna a benci na yi kukana na share, sannan na koma na kamo hannun Baba.

Na gwada nuna masa a kwamfutar kanta. Ya kusa manna hancinsa a jiki, ya ce yana ganin abu yana motsi, amma bai san mutum ne ko labule ba. Da na gaya masa talabijin ya ƙi karɓa sai ya ce in rubuta maka cewa kada ka ƙara wahalar da kanka da aike, abin da ka yi ya isa haka.

Na ba Madam Theodora kuka da daddawa da acca ta kai wa Salma. Ka rubuto da wuri.

Yayarka,
Hasiya

Deira, Dubai
21 ga Maris, 2008

Yaya Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma an yi Mauludi lafiya. Mu ma lafiya, sai Amatullahi da ta yi 'yar mura, ta warke. Salma tana godiya da saƙo.

Na karanta maganar Baba ya fi sau goma. Na fahimta. Zuwa da kai ya fi aike, shi ne yake gaya mini a fakaice. Lokacin rasuwar Inna aike na yi, yanzu ma ga shi aike nake yi. Ki gaya masa ba son raina ne ya zaunar da ni a nan ba. In ya yi fushi yana da gaskiya, amma ni dai kwana biyu ke nan abinci ba ya shiga.

Batun talabijin kuma, Yaya, da hannuna na saye shi, da idona na ga ramin PC kafin a rufe kwali. A baya yake, ƙasa da inda wayar eriya take shiga. Ga zane nan na yi a bayan takardar. Ban gane yadda mutum uku za su kewaye talabijin a rasa wanda zai leƙa bayansa ba. Ko dai an musanya shi a hanya, ko kuwa ɗinkin Ista ne bai bar ki kin duba da kyau ba.

Wayar Okwudili ki mayar masa. Irin hoton da kwamfuta take fitarwa daban, wanda ramin rawaya yake karɓa daban. Don an haɗa bakinsu da waya ba shi zai sa su fahimci juna ba, kamar ki zaunar da Gwaggo da Balaraben Dubai ne a tabarma ɗaya ba tafinta. Wutar Najeriya ba ruwanta.

Likita ya ce ƙarshen damina, ga shi Maris ya kusa ƙarewa. Don Allah ki ajiye almakashi na yini ɗaya.

Ƙaninki,
Abdulfatah

Congo-Russia, Jos
4 ga Mayu, 2008

Abdulfatah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fata ku ma haka, kuma murar yarinya ba ta dawo ba. Ka ga an daɗe ba amsa a rubuce. Madam Theodora ta tafi garinsu binne surukarta, mako biyar ba ta yi tafiya ba. Wayar da ka bugo washegarin da takardarka ta iso kuma, ba layi ne ya yanke ba, ni na kashe. Da na buɗe baki a lokacin da na faɗi abin da zan yi da-na-sani.

In ajiye almakashi? Ni da nake kai shi asibiti, nake ɗiga masa magani sau huɗu a yini, nake yanke masa farce, ni za ka ce ɗinki ya hana in duba? Na goya ka a bayan nan nawa har ka yi mini fitsari a zanen Sallah. Maganarka ta yi mini ciwo, gara in faɗa maka.

To amma gaskiya ɗaya ce, akwai abin da ban gaya maka ba, ko a wayoyin da muka yi daga baya. Kai ka ce a tsare shi, a kafa shi inda ba mai taɓawa. Mu a Congo-Russia abin da tsarewa take nufi ɗaya ne. Pwajok ya ƙera masa keji na rodi, ya manna bayansa da bango, ya dasa ƙafafun kejin cikin siminti. Ko yatsa ba ya shiga bayan. Tun ranar da Okwudili ya zo raina ya ba ni ramin yana can, amma na kasa yarda cewa da hannuna na sa aka binne shi. Kai ma kuma ba ka ce a baya yake ba sai a takarda ta biyu.

Na je na sami Pwajok na ce ya zo ya yanke aikinsa. Ya ajiye gilashin walda ya dube ni ya ce da irin Hausarsa ta Jos, "Hasiya, kai ne ka ce in yi shi ko ɓarawo ya zo da gas ba zai iya ba. Yanzu ni ne zan zama ɓarawon?" Yini guda ya yi yana yanka yana mita, muka rufe talabijin da bargo saboda tartsatsi, bangon falo kuwa ya zama abin tausayi. Da aka sauko da shi muka juya, ga PC nan a rubuce daidai inda ka zana. Yanzu yana zaune a kan teburin yankan yadina da na kwaso daga shago, waya mai shuɗin kai ta shiga, na ɗaure kusoshinta biyu.

Sai ga sabuwa. Rimot ɗin da yake aiki lafiya a watan Maris yanzu ya mutu murus. Ka ce a waya in canja batir, na canja sau biyu. A soket muke kunna talabijin, ya buɗe a tashar da aka bar shi, ba ya gaba ba ya baya, balle ya je PC. Na danna Fn da F5 har yatsana ya yi kanta. Na kira mai hoto daga Titin Bauchi ya ɗauki gabansa da bayansa, ga hotunan nan, ka duba da idonka tun da namu ba su gani.

Saura maganar Baba. Ya lura ka daina cewa a ba shi waya. Na karanta masa abin da ka rubuta, sai ya ce ashe har yanzu ba ka da wayo. Ya ce yaro yana ƙasar mutane, ga mace ga jaririya, yana ta kashe kansa a kan tsohon da ya yi shekara talatin yana kallon titi a motar kamfanin kuza, ya ga abin da zai gani. Tausayinka ne ya sa ya faɗi haka, ba fushi ba. In kana son sanin ko ya haƙura da gani, to kullum bayan la'asar sai ya sa a ɗauko masa farar riga da hula, ya zauna gaban talabijin. Na tambaye shi kwalliyar ta mene ce, ya ce ba ya so baƙuwa ta iso ta same shi da kai ba hula.

Damina ta sauka, Auta. Shekaranjiya na shigo falo ya gaishe ni da sunan Sista Loyis, sai da na yi magana ya gane ni. Ina jin tsoro, amma ban cire rai ba.

Yayarka, ko kana so ko ba ka so,
Hasiya

Deira, Dubai
13 ga Mayu, 2008

Yayata Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri kafin komai. Na yi miki rashin kunya, ki yafe mini. Ni na ce a tsare, ni na manta ban ce ramin a baya yake ba, sannan na juyo na ɗora miki laifi. Salma ta karanta takardarki ta ce da ita ce da ba waya kaɗai za ta kashe ba. Duk muna lafiya, Amatullahi ta fara juyawa da kanta.

Da Madam Theodora ta miƙo mini hotunan a wurin aiki na yi dariya har abokan aikina suka zagaye ni. Yaya, rigar da kika ɗinka wa talabijin ɗin nan ko ango bai samu irinta ba. Karan-miski ja, ga aikin zare, ga geza tana lilo a ƙasa. Ashe shi ne abin da kika ce kina shirya masa. To a ƙarƙashin gezar nan, ta kusurwar dama, akwai ɗan ƙaramin gilashi kamar ƙwayar wake, ta nan talabijin yake ganin rimot. Madannan jikinsa kuma suna sama, rigar ta haɗiye su. Da na faɗa miki a waya jiya kin sake kashewa, amma wannan karon na ji kina dariya kafin ki kashe.

Da na sake bugowa kin ce da kika cire rigar, rimot ya tashi, PC ta fito, sai dai fuskar ta yi baƙi da wani rubutun Turanci a tsakiya mai cewa ba ya karɓar wannan tsari. Wannan albishir ne, yana nufin sun fara jin juna. Matsalar awo ce, kuma kin fi ni sanin awo. Kwamfutar tana yanka hoton ne da awon jikinta, shi kuma talabijin wannan awon bai shige shi ba. Rage awon za a yi. Ga shi daki-daki, da zane a baya:

Ki shafa yatsa a ɗan filin da ke ƙasan haruffa, ki kai kibiya inda ba komai. Ki danna madannin dama na ƙasan filin. Layuka za su fito, ki zaɓi na ƙarshe. Akwati zai buɗe mai shafuka a sama, ki zaɓi na ƙarshe ta dama. Za ki ga wani ɗan abu a kan layi da lambobi a ƙasansa, ki ja shi hagu a hankali har lambobin su koma 1024 da 768. Ki danna OK, in ta tambaye ki wani abu ki yarda. Sannan Fn da F5, ki jira, kada ki danna sau biyu a jere. Ki sa Sista Loyis ta riƙe takardar tana karanta miki.

A rufe labule don hasken fuskar ya ƙaru, a matso da kujerar Baba kusa, ta gefen idon dama.

Na sake neman hutu, sun ce dai sai Disamba. Amma na yi magana da Baba jiya, ya sa mini albarka, ya ce in daina ɓata kati, yana jiran baƙuwarsa.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Abdulfatah

Congo-Russia, Jos
19 ga Mayu, 2008

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Na yafe maka, wuce nan. Labarin Baba kuwa na riga na faɗa maka a waya cikin kalma uku, amma kuka bai bar ni na yi bayani ba, don haka zauna ka ji yadda aka yi.

Takardarka ta iso ranar Asabar, muka sa jiya Lahadi bayan azahar, lokacin da Sista Loyis ta dawo daga coci. Wuta ta tafi tun safe, hadari kuma ya haɗo ta wajen Dogon Dutse. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗu yau ba za a ɗaga ba. Pwajok ya ɗauko ƙaramin janaretonsa ya ajiye a bakin taga, ya ce shi ma sai ya ga yarinyar da ta sa ya yanka kejin da bai taɓa ƙera irinsa ba. Gwaggo ta zo da carbinta ta zauna a kusurwa tana cewa abin nasara ba ya jin lallashi.

Loyis tana karantawa, ni ina shafa filin nan. Kibiya ta gudu sama, ta gudu ƙasa, sau biyu ina buɗe abin da ban sani ba. Loyis ta ce in ja numfashi, in ɗauka yadin amarya nake yankawa. Na ja ɗan abin nan hagu, lambobi suka koma yadda ka rubuta, na danna OK, na riƙe Fn na danna F5, na ɗauke hannuna. Talabijin ya yi baƙi. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, har na fara cewa shi ke nan. Sai ga fuskar kwamfutar baki ɗaya ta bayyana a kan teburin yankan yadina, tas da ita. Na buɗe bidiyon suna.

Mun rufe labule, mun kawo kujerar Baba har gwiwarsa tana taɓa tebur. Ya karkata kai ya ba da idon dama. Ka fito cikin farar jallabiya riƙe da yarinya. Baba ya ƙura maka ido. Can ya ce, "Wannan mai tumbin Auta ne?" Gwaggo ta saki carbi. Ya ce ka yi ƙiba, ka fara sanƙo, kuma ba haka ake riƙe jariri ba, a gaya maka ka tallafi wuya.

Sannan aka zo inda Salma ta matso da kyamara, fuskar Amatullahi ta cika talabijin, ta kai faifan tuwo girma. Ta yi hamma. Baba ya yi dariya da ƙarfi, rabon da in ji wannan dariyar tun Inna tana raye. Ya shiga lissafo mana abin da yake gani, wai don mu tabbata ba ƙarya yake yi ba: goshi mai faɗi, gira a haɗe, kunnen hagu ya ɗan lanƙwasa, hula mai ruwan ƙwai. Loyis ta leƙa ta ce wallahi kunnen ya lanƙwasa, ita ba ta ma lura ba.

A lokacin ne na farga ba ma jin komai. Bakinka yana motsi, yarinya tana kuka, talabijin shiru. Muryar tana fita ne ta jikin kwamfutar kamar kukan sauro, ga janareto a taga, ga ruwa ya ɓarke a kan kwano. Ashe wayarka mai shuɗin kai hoto kaɗai take ɗauka, sauti sai da wata wayar daban, Okwudili ya tabbatar mini yau da safe. Wannan ma ba ka faɗa ba, amma na yafe tun kafin ka roƙa. Raina ya ɓaci, na ce bayan duk wahalar nan a ce rabi muka samu. Na miƙe na jawo mayafi zan tsayar da bidiyon in shiga ruwan nan in nemo waya ko a ina take.

Baba ya kamo hannuna ba tare da ya ɗauke kai daga talabijin ba. Ya ce, "Zauna, Hasiya. Kunne yana nan, ba inda za shi. Ido ne baƙo, bar ni in sallame shi da abin kirki."

Na zauna. Sau huɗu ya kalla, na suna da na wanka, har man janareto ya ƙare. Pwajok ya tsaya a bakin ƙofa yana share fuska da hular walda.

Yau da safe bayan na ɗiga masa magani ya ce in ɗauko biro, in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, kada in gyara ko kalma ɗaya:

"Abdulfatah, na ga 'yarka, na gan ka, na ga Salma. Allah ya yi muku albarka. Kada ka ƙara damuwa da abin da likita ya ce, ku zo a Disambarku cikin kwanciyar hankali. In kun tarar ina gani, alhamdulillahi. In kun tarar ba na gani, ku ɗora mini ita a cinya kawai ta yi kukanta. Na riga na san fuskar mai kukan."

Ka gaida Salma, ka shafa mini kan yarinya.

Yayarka,
Hasiya